Takardar ajiye aiki: in zayyana abin da aka yi mini ko in tafi shiru?

Ɗan Sito: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. Shekara huɗu da wata biyu ke nan ina riƙe da sito a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a nan Kano. Allah ya kawo mini wani aikin a Kaduna, sun ce in fara ranar 1 ga Disamba, yau kuma 27 ga Oktoba. Inda nake suna riƙe da albashina na Yuli da Agusta. Sun biya na Satumba, waɗancan biyun kuwa kullum sai a ce ana dubawa. Kuɗin fansho ma ana cirewa duk wata, amma rabona da in ga saƙon shigarsa a wayata tun bayan ƙaramar salla.

Jiya da daddare na zauna na rubuta takardar ajiye aiki, shafi biyu da rabi. Babu abin da na bari. Na sa ranar da manaja ya ci mutuncina a gaban 'yan dako kan katan biyu na taliya, wanda daga baya aka gano direba ne ya sauke su a wani shago bisa kuskure, kuma har yau bai ce mini yi haƙuri ba. Na sa ranakun Lahadi da nake zuwa ƙidayar kaya ba a ƙara mini ko sisi. Na sa albashin. Maiɗakina ta karanta ta ce kada in kai. Ni kuma gani nake in ban faɗa yanzu ba, yaushe zan faɗa? Wani abu kuma, kawuna ne ya tsaya mini lokacin da aka ɗauke ni, shi ya sa hannu a takardar garanto. Me kuka gani?

Tsohon Akawu: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin mu je ga takarda, tambaya ɗaya. Mutanen Kaduna sun ba ka takardar ɗaukar aiki a rubuce, ko a waya kuka yi magana?

Ɗan Sito: Baba, sun turo ta imel shekaranjiya, da sa hannu da albashi da ranar farawa. Na buga ta na ajiye.

Tsohon Akawu: Alhamdu lillahi. Na tambaya ne saboda na ga waɗanda suka saki reshe suka kama ganye. To, ka saurari maiɗakinka. Wannan shafi biyu da rabi ka ninke shi ka sa a ƙasan akwati. Ya riga ya yi aikinsa, tunda ya rage maka zafin zuciya. Wadda za ka kai ba ta wuce layi bakwai ko takwas ba.

Malamar Firamare: Baba, ku gafarce ni, ni ban yarda ba. Irin wannan shawarar aka ba ni. Na yi shekara uku a wata makarantar kuɗi, ina bin su albashin wata uku. Aka ce mini ki yi rabuwar arziki, kada ki ambaci kuɗi, za su ji kunya su biya ki. Na rubuta godiya kamar an kai ni Makka. Da na koma neman haƙƙina, mai makarantar ta ɗauko takardar tawa daga fayil ta ɗora a tebur ta ce, a ina kika ce kina bin mu? Shekara biyu ke nan, ko kwabo. Ƙanena, kada ka bari kunya ta cinye maka guminka.

Anti Mai Kula da Ma'aikata: Malama, abin da aka yi miki zalunci ne, Allah ya bi miki haƙƙinki. Amma ina ganin ke da Baba ba ku yi nisa da juna ba. Abubuwa biyu ne ƙaninmu ya haɗa a takarda ɗaya, akwai bashi akwai ɓacin rai. Bashi ana rubuta shi da lamba da wata. Ɓacin rai kuwa in ka rubuta shi, ka ba su makami.

Shekarata goma sha ɗaya a ofishin kula da ma'aikata, bari in faɗa muku abin da ke faruwa da takardar nan bayan an miƙa ta. Ana buga mata hatimi, a huda ta, a sa a fayil ɗinka, ta zama takarda ta ƙarshe a sama. Manajan da ya zage ka wataƙila nan da shekara biyu ya tafi. Wanda zai gaje shi bai san ka ba, bai san zancen taliya ba. Ranar da wani banki ko wata ƙungiya ta rubuto tana tambayar halinka, fayil zai buɗe, abin da zai fara gani shi ne shafi biyu da rabi na faɗa. Ba zai ce an zalunci wannan bawan Allah ba, cewa zai yi wannan mai rigima ne. Na gani da idona, ba sau ɗaya ba.

Ga abin da nake so in gani a takarda idan ta zo teburina. Kwanan wata a sama. Sunan muƙamin wanda ake rubuta wa. Jimla ta farko ta faɗi kai tsaye cewa kana ajiye aikinka na mai kula da sito. Ta biyu ta faɗi ranar da za ka yi aiki na ƙarshe, da lamba, ba "ƙarshen wata" ba. Sai ka ce a shirye kake ka miƙa kaya da makullai ga wanda aka zaɓa. Sai godiya layi ɗaya. Sunanka, lambar ma'aikaci in kana da ita, sa hannu. Dalilin tafiya ba dole ba ne, inda za ka koma ma ba dole ba ne.

Malamar Firamare: To Anti, kuɗin fa? Nan ne fa inda aka kayar da ni.

Anti Mai Kula da Ma'aikata: Takarda ta biyu daban, ranar ɗaya, zuwa ga akanta, kwafi ga manaja. Albashin Yuli naira kaza, na Agusta naira kaza, fansho daga wata kaza zuwa wata kaza. Babu zagi, babu tarihi.

Barista: Salam. Na biyo zancen tun daga sama. Ni zan ɗan saɓa wa Anti a wuri ɗaya. Takarda ta biyu tana da kyau, amma ita ce mai saurin ɓata daga fayil. Ta ajiye aiki kuwa ba sa yarda ta ɓata, domin su ma suna bukatarta. Saboda haka a cikin ta farkon ma a sa layi ɗaya: ina roƙon a biya ni haƙƙoƙina da suka rage, ciki har da albashin Yuli da Agusta, kafin ranar aikina ta ƙarshe. Wannan layin da Malama ta sa shi, da mai makarantar ba ta sami bakin magana ba. Ko da yake, Malama, rashin ambatarsa bai goge bashin ba. In kina da takardar ɗaukar aiki da bayanan asusunki na banki da ke nuna watannin da ba a biya ba, ki nemi lauya da wuri, kada ki ƙara jinkiri.

Sai zancen notis. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, sashe na 11, ta tsara shi kamar haka: wanda bai wuce wata uku a aiki ba, kwana ɗaya, daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako ɗaya, daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu, shekara biyar ko fiye, wata ɗaya. Duk notis na mako ɗaya ko fiye dole ya zama a rubuce. Kuma ranar da ka miƙa takardar ba ta shiga lissafi. Wannan dokar ta fi shafar masu aikin ƙarfi da na akawu, manyan ma'aikata da ƙwararru takardar yarjejeniyarsu ce ke magana. Kai ma, Ɗan Sito, ɗauko taka ka duba, in ta ce wata ɗaya, wata ɗayan za ka bi.

Ɗan Sito: Barista, na duba. Ta ce wata ɗaya ko albashin wata ɗaya a madadinsa.

Barista: To ka miƙa ranar 30 ga Oktoba ko kafin nan, ka rubuta cewa ranar aikinka ta ƙarshe 30 ga Nuwamba. In ka yi sakaci har Nuwamba ta kama, ko ka makara a Kaduna, ko su sami hujjar zaftare maka kuɗi. Kamfanin da ke riƙe da albashin wata biyu ba wanda za ka ba irin wannan ƙofar ba ne.

Ɗan Acaɓan Da: Ni fa abin nan yana ba ni haushi. Mutum ya zage ka a gaban jama'a, ya riƙe maka kuɗi, sannan a ce ka rubuta masa "na gode". Wannan ba munafunci ba ne? Ni da ni ne, ranar da na karɓi albashin Oktoba zan ajiye musu makulli a wurin mai gadi in kashe waya.

Tsohon Akawu: Ɗana, da shi kaɗai ne, da sai mu ce ya ji da kansa. Ka manta da kawunsa? Mai sito ya ɓace ba a yi ƙidaya ba, washegari za a ce buhun sukari arba'in ba a gani ba, katan ɗin madara saba'in ba a gani ba. Wa zai ƙaryata? Shi yana Kaduna. Takardar garanto kuwa tana nan da sa hannun dattijo da adireshin gidansa. Na san wani mutumin kirki da aka je har ƙofar gidansa da 'yan sanda bayan sallar asuba saboda yaron da ya tsaya wa ya tafi haka. Yaron bai saci komai ba, amma bai bar abin da zai wanke shi ba.

Malam Na Islamiyya: A kan zancen munafunci, ni ga yadda na fahimta. Munafunci shi ne ka faɗi abin da ba haka yake a zuciyarka ba. Ba wanda ya ce ya rubuta cewa manaja mutumin kirki ne. Amma shekara huɗu ya ci abinci daga wurin nan, ya koyi aikin da ya sa mutanen Kaduna suka neme shi. In ya ce na gode da damar da aka ba ni, gaskiya ya faɗa. Hadisi ya zo cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Haka kuma ya zo cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Na farkon yana kansa, na biyun yana kansu. Ya sauke nasa, ya nemi nasa, ba tare da ya ji kunyar ko ɗaya ba.

Ɗan Acaɓan Da: Na ji, Malam. Zancen kawu ya kama ni. Amma har yanzu ina ganin ya kamata wani ya gaya wa manajan nan gaskiya, ko don na baya.

Anti Mai Kula da Ma'aikata: Wannan gaskiya ne, kuma akwai wurinsa. In mai kamfanin ya kira shi ya tambaye shi me ya sa zai tafi, ya faɗa masa baki da baki, cikin natsuwa, bayan an gama ƙidaya an sa hannu. Magana zarar bunu ce, ta baka ma ke nan, balle wadda aka buga wa hatimi.

Alhaji Mai Shago a Kwari: Bari ku ji daga ɓangarenmu, mu da muke ɗaukar yara. Ni ba kamfani gare ni ba, yara shida ne a ƙarƙashina. Abin da ya fi mini ciwo ba tafiyar yaro ba ce, kowa da rabonsa. Ciwon shi ne in ji a bakin wani, ko in tashi da safe in ga saƙo a WhatsApp. Wanda ya zo ya zauna ya ce Alhaji na sami wani abu, ina neman albarka, wallahi har kuɗin mota nake ba shi, in an tambaye ni shi gobe in yi masa kyakkyawar shaida. Takarda ta Bature ce, sallama tamu ce. Ka fara zuwa da ƙafarka ka faɗa, sannan takarda ta biyo baya.

Nas Mai Aikin Dare: Alhaji, ba kowa ne irinku ba. Wata abokiyar aikina ta je ta yi wa mai asibitin da take aiki sallama da baki, don girmamawa, ta ce gobe za ta kawo takarda. Kafin magariba an ba ta takardar kora, an ce ita ce ta yi laifi. Yanzu duk inda ta je neman aiki sai ta yi bayanin abin da ba ta aikata ba.

Barista: Duka biyun za su haɗu. Ya shiga da takardar a hannunsa, kwafi biyu. Ya gaisa, ya faɗa da baki kamar yadda Alhaji ya ce, a zaman nan ya miƙa. Kada a sami ko awa ɗaya tsakanin magana da takarda. A sa hannu da kwanan wata a kwafinsa, a buga hatimi in akwai. Yana fita ya tura hotonta ta imel ɗin kamfani, domin imel yana riƙe rana da lokaci.

In sun ce ba su karɓa ba, wannan ba ya hana komai. Kotunan ƙasar nan sun daɗe a kan cewa ajiye aiki haƙƙin ma'aikaci ne, yana tabbata da zarar takarda ta isa hannun mai aiki, ba sai ya amince ba. Tun shari'ar Benson da Onitiri ta 1960 ake kafa hujja da wannan. Shi ya sa shaidar isar takarda ta fi komai. In kuma suka ce ya tafi yau ba sai ya cika watan ba, su rubuta masa hakan, kuma yana da hujjar neman kuɗin kwanakin da suka rage.

Fansho kuwa asusunka naka ne, ba na kamfani ba, yana bin ka duk inda ka koma, lambarka kawai za ka ba sabon wurin. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, mai aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Wanda ya cire bai tura ba akwai tara a kansa. Ka je ofishin kamfanin da ke kula da fanshonka su buga maka bayanin asusu, ka haɗa da takardar akanta. In ba su gyara ba, hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom, tana karɓar irin wannan ƙorafi. Albashi kuma akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago, sannan akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a nan Kano. Tun gyaran tsarin mulki na 2010 ita ce ke da hurumin shari'un aiki.

Ɗan Maraɗi: Sannunku da ƙoƙari. Mu a nan Nijar in mutum ya bar aiki, doka ta ɗora wa mai aiki ya ba shi takardar shaidar cewa ya yi aiki a wurin, da ranar shiga da ranar fita da irin aikin. Ko da ku ba haka tsarinku yake ba, ɗan'uwa ka roƙi irinta tun kana ciki. Bayan ka fita, sa hannu ɗaya sai ya ɗauke ka wata uku kana zarya.

Ɗan Sito: Na gode ƙwarai. Ga abin da na sake rubutawa, da Turanci zan kai amma ga ma'anarsa:

"Ina sanar da ku cewa na ajiye aikina na mai kula da sito. Bisa notis na wata ɗaya da ke cikin takardar ɗaukata aiki, ranar aikina ta ƙarshe ita ce 30 ga Nuwamba. A shirye nake a yi ƙidayar kaya tare da ni, in miƙa makullai da littattafan sito ga wanda kuka zaɓa. Ina roƙon a biya ni haƙƙoƙina da suka rage, ciki har da albashin Yuli da Agusta da kuɗin fansho, kafin wannan ranar. Duk da abubuwan da suka faru, na gode da damar da kuka ba ni na tsawon shekara huɗu."

Anti Mai Kula da Ma'aikata: Ta yi kyau, ƙanena. Cire "duk da abubuwan da suka faru". Kalma shida ce, amma shafi biyu da rabin nan ne ya leƙo ta taga.

Malamar Firamare: Ni da zan bar ta. Amma tunda kuɗin ya shiga da sunan wata, na haƙura.

Tsohon Akawu: Ka cire. Kuma tun daren yau ka je wurin kawunka, kada ya ji a waje. Ka nuna masa takardar Kaduna da wannan. In an gama ƙidaya, ka nemi su rubuta cewa ka miƙa komai lafiya kuma sun sauke shi daga garanto. Kwafi ɗaya naka, ɗaya nasa.

Ɗan Sito: Salam 'yan zaure, na dawo da labari. Na je wurin Kawu a daren, ya karanta ya yi mini addu'a, ya ce shi ma zai kira mai kamfanin su gaisa. Ranar 30 ga Oktoba da safe na shiga wurin manaja, na gaishe shi na faɗa masa na miƙa. Ya karanta ya ture ta gefe ya ce shi ba zai sa hannu ba sai mai gida ya dawo daga tafiya. Zuciyata ta taso, wallahi saura kaɗan in amayar da duk abin da ke cikin tsohuwar takardar. Na tuna da Kawu na yi shiru. Na fita na kai wa sakatariya, ta buga hatimin karɓa a kwafina da kwanan wata, na tura ta imel kafin azahar. Jiya mai gida ya dawo ya kira ni. An biya na Yuli. Na Agusta da fansho ya ce sai an gama ƙidaya, an sa ranar 26 da 27 ga Nuwamba.

Baba Akawu, akwai kayan da suka lalace tun bara a lungun sito, katan ɗin tumatirin gwangwani da ruwa ya taɓa da wasu da wa'adinsu ya wuce. Na sha rubutawa a kwashe ba a kwashe ba. In haɗa su cikin lissafin gaba ɗaya?

Tsohon Akawu: A'a, takardarsu daban. Kowane kaya da adadinsa da ranar da ka fara kai rahotonsa, ka liƙa kwafin rahotannin a baya. Ka ɗauki hotonsu a inda suke kafin a taɓa. Wanda zai karɓi siton da akanta su sa hannu a kowane shafi, ba shafin ƙarshe kaɗai ba. Kuma kada makulli ya bar hannunka sai tawadar ta bushe.

Malamar Firamare: Barista, na samo takardar ɗaukata aiki a cikin kayan mahaifiyata. Gobe zan je banki su buga mini bayanan watannin. Zan yi maka magana ta gefe in ba damuwa.

Barista: Ba damuwa, Malama. Ki ce su fara daga wata shida kafin a daina biyan ki, don a ga yadda albashin yake shiga a da.